Siririyar Igiyar Nomau

Malam Ilu ya daɗe yana gyaran kwamfuta kafin a damƙa masa kula da sabar hira ta wata ƙungiyar ungozomomi, wato na'urar da saƙonninsu ke bi kafin su isa wayar wadda aka aika wa. Da ya leƙa cikinta sai ya ga abin da ya ba shi haushi. Lokaci-lokaci sabar na aika wa kowace waya wani guntun saƙo wanda babu komai a cikinsa, wayar kuma ta maido da irinsa. Ya sami Malama Saratu, wadda ta koya masa aikin, ya ce shi kam zai kashe wannan surutun banza. Ta gaya masa saƙon da sabar ke aikawa sunansa ping, amsar kuma pong. Idan amsa ba ta zo cikin wa'adin da aka yanka ba, sabar ta san layin ya mutu, sai ta rufe shi, ta daina nuna mai wayar tana nan, don kada wata ta zauna jiran shawara a kan mai naƙuda alhali saƙonta bai isa ko'ina ba. Da ta ga bai gamsu ba, sai ta ce ya jawo kujera ta ba shi misali.

Ta ce an yi wasu 'yan'uwa biyu a ƙasar Zamfara masu haƙar rijiya, Nomau da ƙanensa Isuhu. Ciwon gwiwa ya hana Nomau shiga rami, don haka Isuhu ke sauka, shi kuwa ya zauna a baki yana janyo ƙasa da guga. Ban da kakkaurar igiyar da ake ɗaura wa mai sauka a ƙugu, Nomau kan ɗaura wa ƙanen nasa wata siririya a hannu, ya naɗe ɗaya bakin a yatsansa. In an jima kaɗan sai ya ɗan ja. Isuhu ya ɗan ja daga ƙasa. Shi ke nan, ba magana, kowa ya ci gaba da aikinsa.

Abin yakan ƙona wa Isuhu rai. Yana tsakiyar sara da diga sai ya ji an taɓa shi, kamar ƙuda ya sauka a hanci. Ya sha cewa shi fa magidanci ne mai 'ya'ya, ba akuyar turke ba, in wani abu ya same shi ai yana da baki. Mutanen garuruwa ma sukan yi wa Nomau tsiya, wai yana kamun kifi a busasshiyar rijiya. Nomau ya yi dariya tare da su, ya gutsuri goronsa, in an jima ya sake ja. Shi ya goyi Isuhu bayan rasuwar uwarsu, kuma har gemun yaron ya fara furfura bai iya daɗewa bai ji motsinsa ba.

Wata bazara suka kama wata rijiya a gidan wani manomi, a gari mai nisan ruwa. Sun wuce jar ƙasa, sun fasa marmara, rami ya yi zurfin da in ka leƙa ba ka ganin komai sai duhu. Da hantsi Nomau ya ja, aka amsa. Ya juye guga, ya sha ruwa, ya sake ja. Igiya ta biyo hannunsa ta koma, ba wanda ya ja daga can. Bai firgita ba, don wani lokaci hannun Isuhu kan kasance cikin aiki. Ya ɗan dakata, ya sake ja da ƙarfi, ya duƙa ya kira sunansa. Maigidan da ke tsaye kusa ya ce wataƙila hutawa yake yi, ai tun safe ƙarar sara daga ramin ke tsayawa ta ci gaba. Gaskiya ya faɗa, kuma da kunne kaɗai babu mai raba hutu da suma. Amma Nomau ya san mai hutawa yana amsa igiya, ko da tsaki ne. Ya kira mazan da ke kwaɓa ƙasar gini a gefe, suka kama kakkaurar igiyar, ya manta da gwiwoyinsa ya shiga gabansu.

Isuhu ya fito jiki a sake, leɓɓa sun yi fari. Iskar ramin ce ta ɓaci, ta kwantar da shi a hankali kamar barci. Aka shimfiɗa shi a inuwar darbejiya, ana yayyafa masa ruwa, Nomau na yi masa fifita da hularsa yana kiran sunan Allah. Can ya yi tari, ya buɗe ido, ya ga fuskar wansa jiƙe da gumi.

"Yaya, ai ban kira ka ba," ya ce da 'yar muryarsa.

"Da kana iya kira, da ban janyo ka ba."

Da Isuhu ya warware suka ƙarasa rijiyar, ruwanta ya fito garai-garai. Bai taɓa yi wa wansa godiya da baki ba. Sai dai daga ranar, in Nomau ya shagala da hira a baki, yakan ji an ɗan ja yatsansa daga ƙasa. Ya yi murmushi, ya amsa.

Malama Saratu ta ce haka wayar da batirinta ya mutu, ko ta shiga lungun da ba sabis, ba ta da halin aiko da saƙon cewa ta tafi. Sai wanda ya saba tambaya, ya saba samun amsa, shi ke gane ranar da amsar ba ta zo ba. Shi ya sa Hausawa suka ce shiru ma magana ce.