Kujerar Auke a Makarantar Karnuka

Shekarar da abin ya faru ta kwanta mini, sunan ƙauyen ma wani lokaci sai na yi ta lalube. Na dai san kusa da garin Dokkum ne, can ƙasar Turawa, kuma Auke Postma maƙwabcina ne. Abin da ya saura a kaina shi zan faɗa.

Auke tsohon masunci ne, dogo, gemunsa fari har ƙirji. Ƙafar hagu a ja yake tafiya da ita, yana dogara sanda, ga tari irin na mashaya lofe mai kama da tsawa. Matarsa ta rasu, karensu ya bi bayanta kafin shekara. Gidan ya yi shiru.

Wata rana yana jiran bas, wata mata ta tsayar da motarta, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. Hilke ce, mai horar da karnukan da ake ba makafi.

"Baba, kana da abin yi ranar Asabar?"

"Ni? Ko mutuwa ta manta da ni, 'yata."

"To ka zo makarantarmu. Yadda kake ɗin nan za ka zo, kada ka wahalar da kanka."

Makarantar tsohon ɗakin shanu ce da aka share. Aka ajiye masa kujera a gefe, tsakanin wata buɗaɗɗiyar lema da keken guragu. Hilke ta ce kada ya kira 'yan kwikwiyon, kada ya miƙa hannu, ya bar su su zo da kansu. Duk wanda ya matso ya shinshina takalminsa, sai a ba shi ɗan cuku a yaba masa. Auke ya ɗauka haƙuri ake koya masa, ya kuwa koya.

Akwai wani baƙin kwikwiyo mai suna Pim, matsoraci na ƙarshe. Auke na yin tari zai faɗa ƙarƙashin benci. Asabar bayan Asabar yana ƙara taku ɗaya, har ran nan ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar nan mai ciwo, ya lumshe ido. Hilke ta tafa.

"Baba, ba don kai ba da mun cire rai da wannan."

A ranar ya ji ana neman gidan da zai riƙe Pim shekara guda kafin a fara masa horon gaske. Ya tare Hilke a bakin ƙofa, yana murza hularsa.

"Gidana babu kowa. Akwai lambu."

Ta ce mai riƙo sai wanda zai iya doguwar tafiya da kare safe da yamma, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. "Za mu gani, Baba," in ji ta.

Auke ya ɗauki wannan magana ya rungume. Yanzu ya gane, a ganinsa, dalilin kujerar: gwada shi ake yi, ana duba ko ya isa a ba shi amana. Da aka rufe makaranta hutun Kirsimeti, ya jefa lofensa cikin murhu. Ya rataye sandar a bayan ƙofa, ya riƙa hawa ganuwar da ke tare ruwan teku kullum yana cije leɓe, yana tilasta wa ƙafar ta miƙe. Ya sayi sabuwar kwat. Daga ƙarshe ya je wurin mai aski.

Da na gan shi ta saman shinge ban gane shi ba.

"Kai tsohon banza, aure za ka yi?"

"Rufe mana baki, malamin da bai san inda ya ajiye tabaransa ba. Kare zan yi."

Har ya sayi kwanon abinci da bargo ya shimfiɗa kusa da murhu.

Asabar ɗin farko bayan hutu ya shiga a miƙe, fuska fes. An kawo sababbin 'yan kwikwiyo, suka yi ta wasansu, babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Hilke ta tsaya riƙe da kwanon cuku, baki buɗe.

"Kai, Baba! Ina gemun?"

"Na koma saurayi, ko ba haka ba?"

"Ka koma," ta ce, ta yi 'yar dariya.

Tsakiyar mako ta buga masa waya, ta ce ya huta wannan Asabar ɗin, za su neme shi. Ba su neme shi ba. Sai a bakin mai gasa burodi ya ji an ba da Pim ga wasu matasan ma'aurata a garin Leeuwarden.

Bai ga laifin kowa ba. Ya ce ƙafar ce ba ta gama miƙewa ba, kuma ai za a haifi wasu 'yan kwikwiyon da bazara. Ya ƙara nisan tafiyarsa. Wata safiya mai santsi ya zame a kan ganuwar, ƙashin ƙugunsa ya karye. Daga asibiti aka wuce da shi gidan tsofaffi, inda ba a yarda a ajiye kare ba. Duk sanda na je gaishe shi tambayarsa ɗaya ce: ko Hilke ta bugo?

Abubuwa da yawa sun zube mini, amma wannan na ƙarshe na tabbatar da shi da kunnena, domin bayan jana'izarsa na je na tambaye ta. Ta yi kuka sosai. Ta ce sunansa bai taɓa shiga cikin masu riƙo ba. A sana'arsu, kafin kwikwiyo ya cika wata huɗu dole a saba masa da duk abin da zai iya firgita shi a titi, kuma ta daɗe tana neman tsoho mai gemu da sanda da mugun tari.