Bawan Doka da Ɗan 'Yanci

Ranar da Alhaji Zailani ya ƙi amsa gaisuwar Alhaji Abdulhafiz, duk 'yan albasar kasuwar Ose Okwodu suka san abin ya wuce wasa. Shekara goma sha tara rumfunansu na jingine da juna a Onitsha, tare suke sauke mota, kwano ɗaya suke ci. Yanzu sun jera buhunan barkono a tsakani, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Rigimar ta faro ne a zauren WhatsApp na ƙungiyar 'yan kasuwa, inda a da ba a sa komai sai farashin kaya da sanarwar suna. Wata safiya wata baƙuwar lamba mai suna Bawan Doka ta yi dogon rubutu. Ya ce kamfanonin waya suna buɗe wa wanda ya biya su hanya, su matse talaka. Shi ya sa hoton albasar da ka tura wa mai saye a Aba yake ta juyi, amma tallan caca yana buɗewa nan take. Ya ce dole gwamnati ta kafa doka, a ba kowa gudun intanet iri ɗaya. Ya haɗa da bidiyo na minti ashirin.

Kafin azahar wata lambar ta mayar da martani, mai suna Ɗan 'Yanci. Ya ce duk wanda ya miƙa wa gwamnati makullin intanet, bakinsa za a fara kullewa da shi. Shi ma ya turo bidiyo, nasa har ya fi tsawo.

Zailani ya bi Bawan Doka, don ya taɓa rasa cinikin mota guda saboda hoto ya ƙi tafiya. Abdulhafiz ya bi Ɗan 'Yanci, don shi ne mai ɗaukar bidiyon masu tare motocin kaya a hanya yana yaɗawa, kuma ba ya son ranar da za a hana shi.

Cikin mako biyu unguwar ta rabu. Mai shayi ya raba bencinsa, 'yan doka dama, 'yan 'yanci hagu. Masu okada, wato 'yan acaɓa, suna tambayar fasinja ɓangarensa kafin su faɗi kuɗi. Dattijan da ba su taɓa buɗe bidiyo ba suka koma kallon goma a wuni, kowa na neman hujjar da zai kayar da abokin gardama. Shugabannin biyu kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu. Ɗaya ya yi magana da safe, ɗaya ya rama da rana, kamar masu karɓa-karɓa.

Mutum ɗaya ne bai shiga ba, Malam Falalu, dattijon da ke sayar da katin waya da data a ƙarƙashin lema a ƙofar masallaci. Shi ya buɗe wa ƙungiya zauren tun farko, amma bai taɓa cewa uffan a ciki ba. Ɓangarorin biyu a gabansa suke haɗuwa, yana loda musu data yana ba su haƙuri.

"Ni ban san kan wannan zance ba," in ji shi. "Kowa dai ya saurari hujjar ɗan'uwansa har ƙarshe, kada a yanke hukunci a rabin bidiyo."

Mutane suka yi ta yaba hankalinsa.

Sai abin ya taɓa aure. An sa ranar Umair ɗan Zailani da Hadiyya 'yar Abdulhafiz, har an ɗinka anko. Abdulhafiz ya aika cewa ba zai ba da 'yarsa gidan da ake son a ɗaure bakin jama'a ba. Zailani ya mayar da cewa shi ma ba ya son haɗa iri da 'yan amshin shatan kamfani. Hadiyya ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, iyaye mata suka ɗunguma gidan Liman Sharfuddeen.

Liman ya kira taro ranar Asabar bayan la'asar. Ya ce a kawo masa Bawan Doka da Ɗan 'Yanci ido da ido, tunda su suka kunna wutar. Da aka zo zaɓen wanda zai nemo su, baki ya zo ɗaya a kan Malam Falalu, don shi kaɗai ne ba shi da ɓangare.

Ranar taron harabar masallaci ta cika har bakin titi. Falalu ya miƙe a natse ya ba da rahoto: Bawan Doka ya tafi Enugu ta'aziyya, Ɗan 'Yanci kuma zazzaɓi ya kwantar da shi.

"Zazzaɓin tsoro dai!" in ji Zailani. "Naku ne ya gudu."

"Naku da ya tsallake gari fa?" in ji Abdulhafiz. "Wallahi yanzu zan kira namu, kowa ya ji muryarsa."

"Bismillah. Ni ma in kira namu."

Falalu ya ce ai bai kamata a tashi marar lafiya ba, kuma mai zaman makoki ba ya ɗaukar waya. Ba wanda ya saurare shi. Ya ce to bari ya je ya sabunta alwala. Liman ya kama gefen rigarsa ya ce, "Zauna, Malam, kai ne shaidarmu."

Alhazan biyu suka danna kira a tare, suka ɗaga wayoyinsu sama.

Sai aljihun dama na Malam Falalu ya fara ƙara, kafin ya kai hannu ya danne shi, na hagu ma ya ɗauki ƙara.