Wanda Ya Sace Tayoyin Abbagana

Abbagana ya fito daga sallar azahar ya tarar an sassace masa iskar tayoyin mota, duka shida. Tsohuwar motar sojoji ce da ya saya a gwanjo. Ya tuƙo ta tun daga Nguru zuwa wannan ƙauye na arewacin Gashua, don dangin Falmata, wadda yake nema da aure, su san shi ba ƙaramin direba ba ne.

Ya ari famfon hannu ya yi ta bugu har la'asar, yana gumi yana zagin mahassada. Da tayoyin suka cika tam, sai ya kwashi dattawa, har da mahaifin Falmata, zai kai su ta'aziyya bayan tudun yashi.

Ko rabin tudun ba su hau ba motar ta nutse har ciki.

"Wallahi hassada ce, Baba!" ya ce da mahaifin Falmata. "Ɗan banzan da ya sace min taya, shi ya sa min baki!"

Tsohon ya sauko, ya karkaɗe rigarsa a tsanake.

"Shekara talatin na yi ina jan lodi a yashin nan, Abbagana. Sai an rage iska ake hawa. Ni ne ɗan banzan."