Minti Ɗaya na Yaya Sambo

Tun da babura suka koma na lantarki, doka ta bar wa injin fetur minti ɗaya rak a shekara. Saboda wannan mintin Tanimu bakanike ya kwashe wata goma yana faɗaɗa silindar wani babur mai fetur, ya ɗora masa tarbo mai ƙara wa inji ƙarfi.

"Malam, ƙarfin doki ɗari uku?" in ji matarsa Lantana tana dariya. "Ina za ka a minti ɗaya?"

"Wa ya ce miki tafiya zan yi?"

Ya tura babur ɗin gindin dalbejiya, inda yayansa Sambo, tsohon ɗan tsere, yake zaune. Shekara biyu ke nan Sambo bai gane kowa ba.

Tanimu ya ta da inji, ya murɗa totur. Kaji suka watse. Jan idon kyamarar hukuma da ke kan turken fitila ya juyo, ya fara ƙirga daƙiƙoƙi.

Sambo ya ɗago kai, ya ɓata fuska.

"Kai, Tanimu! Haka na koya maka? Iska ta yi masa yawa. Miƙo sifana."

Saura daƙiƙa ashirin. Tanimu ya miƙa masa, yana dariya har da hawaye.