Gaisuwa a Bakin Tafki

Tun da aka cika Tafki da ruwan nan mai nauyi da ke ba gari wuta, lokaci ya daina tafiya daidai. Awa ɗaya a bakinsa shekara uku ce a cikin gari.

Tasalla tana 'yar shekara tara mahaifinta, Malam Tanimu, ya shiga aikin safe a bakin Tafki. Yau ga furfura a kanta, shi kuwa bai ma tashi ba.

Da ta isa ƙofar wurin, mai gadi ya ce, "Hajiya, faɗi abin da ya kawo ki ki fito. Minti biyar wata uku ne."

Ta sani. Da tsohon ciki ta baro 'yarta a gida. Amma wa zai tsaya a tsaye ya jefa wa ubansa labarin mutuwa? Ta shiga ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ina wuni?"

Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta. "Tasalla? Ikon Allah!" Sai ya shiga bin dangi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda kabarinsu ya shafe. Tana ta amsa lafiya lau, idonta na kan agogo. A gefensa ga ragowar kunun da Inna ta dama masa da safe, ko tsami bai yi ba.

"Ya Innarki? Da tari na baro ta."

Tasalla ta ce, "Baba, jikin ya yi tsanani."

"Ayya," ya ce, ya kurɓi kunun. "Saura awa ɗaya in tashi. Ki ce ta ɗan jira ni."