Ƙwai Mai Tauraro

Soket ɗaya ne a ɗakin ɗinkin, kuma Tela ya san da haka lokacin da ya zare fulogin injin ƙyanƙyasa ya jona dutsen guga. Minti biyar kawai, in ji shi a ransa. Sai mai rigar da yake gogewa ya iso da surutunsa, bayansa wani ya zo awo. Tela bai farga ba sai da ya ji shirun ɗakin ya yi yawa. Awa huɗu ke nan injin bai yi ƙugi ba. Ya taɓa gilashin, ya ji shi sanyi ƙalau.

Ranar Asabar ce, kwana na goma sha tara da zuba ƙwai, saura biyu su ƙyanƙyashe.

Shi ya kawo injin gidan don ya raba 'ya'yansa mata biyu da kallon talabijin. Ƙwai bakwai ya zuba. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, ta kwashe shida. Auta, 'yar shekara bakwai, ta ce ɗaya ya ishe ta, don ta san shi sosai. Ta zana masa tauraro da fensir, takan yi masa waƙa, kuma ita ke juya ƙwayayen kowace safiya kafin ta tafi makaranta.

Tela mutum ne mai doka, da zafin zuciya a kai. A wanke hannu, a ɗauka da hannu biyu, kuma duk wadda ta fasa ƙwai, ita da injin har abada. Sama da duka, ba a ƙarya a gidansa. Ranar Juma'a da ya haska ƙwayayen da tocila, na Auta ya fi kowanne duhu, haske bai ratsa shi ko kaɗan ba.

"Kin gani? Ya cika fal," ya ce mata. "Naki ne zai fara fitowa, na yi miki alkawari."

Auta ta kawar da kai.

To, yau ga mai doka ya yi ɓarna. Ya mayar da fulogin, ya ja bakinsa ya yi gum. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Litinin ta wuce shiru. Ranar Talata ƙwayayen Yaya suka fara tsagewa, kafin la'asar 'yan tsaki shida sun bushe suna tsiyu-tsiyu a kwali. Na Auta ko motsi. Shi ne a bakin murfi, inda sanyi ya fi bugu, kuma Tela ya san wanda ya jawo sanyin.

Yarinyar ta daina shiga ɗakin. In ta haɗa ido da shi sai ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya ji kamar ta gan shi da fulogin a hannu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Maman yara ta ce ita ma ta lura, tun Alhamis Auta ba ta daidai: ta dawo daga makaranta da yunwa kamar ba a ba ta guzuri ba, ta kuma daina waƙa. Tela bai ji ƙarshen maganar ba, hankalinsa na kan ƙwan. Tausayin 'yarsa ya hana shi sakat, kunya kuma ta hana shi buɗe baki.

Ranar Laraba, yara na fita makaranta, ya buɗe injin. Ƙwan ya fara ɗan wari. Ya ɗauko almakashi zai fasa, hannunsa ya ƙi, don ba zai iya kallon abin da ya kashe ba. Ya naɗe shi a ƙyallen yadi ya binne a bayan katanga.

Daga nan ya rufe ɗakin ɗinki ya nufi wurin mai sayar da 'yan tsaki. Ya daɗe yana zaɓe kamar mai zaɓen suruki, har ya samu wanda ya fito a safiyar nan, mai ɗigon baƙi a ka. A gida ya tsinto ɓawon ƙwan Yaya daga kwandon shara, ya zana masa tauraro, ya ajiye su tare a cikin injin. Mutumin da bai taɓa kuskure wajen yanka yadi ba, yau sai da ya goge tauraron sau uku.

Da yaran suka dawo, ya tare su a ƙofa da fara'ar aro.

"Auta, zo ki ga baƙonki."

Yaya ta riga ta shiga da gudu tana tsalle. Auta ta tako a hankali, jaka a baya. Ta dubi ɗan tsakon, ta dubi ɓawon, ba ta miƙa hannu ba.

"Baba, daga ƙwaina ya fito?"

"Daga ina kuwa? Ga tauraronki nan."

"Kai ka gani?"

Nan ne ya kamata ya tsaya. Amma ƙarya in ta samu ƙofa, da 'yan'uwanta take shigowa.

"Da idona," ya ce. "Ina nan tsaye ya fasa ya fito."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa baƙon da ba a gane ba. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Baba, nawa ya suɓuce mini ya fashe tun ranar Alhamis," ta ce a hankali. "Na ji tsoronka. Wanda na zana wa tauraro na mayar ciki, dafaffen ƙwan da Mama ta sa mini a guzurin makaranta ne."