Gam ɗin Ɓera a Ƙullun Takarda

Tanimu, tun ɗazu nake jin ka kana cewa abin ƙarami ne, in an yi shiru zai bi ruwa. To gyara zama in ba ka misalin wani mutum, sai ka auna da kanka.

Mutumin nan sana'arsa yin kiret, farantin kwalin nan mai gurabe da ake jera ƙwai a ciki. Tsofaffin takardu da kwalayen shago yake saye, ya zauna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya: ya ɓare salatif, ya cire leda, ya zare 'yan wayoyin da ake ɗinke littafi da su. Sai ya jiƙa su a kwarami, ya markaɗa a inji har su koma kamar ƙullun koko, ya tace da rariya. Ƙarfe da yashi su kwanta a ƙasa, leda ta taso sama a kwashe, tawada ta fito cikin kumfar sabulu a yaye ta. Abin da ya rage shi ake zubawa a mazubi a shanya a rana. Tsintar nan ita ce aikin, kuma ita ce mai cin rai, don ba mai ganinta balle ya yaba. Babbar mai sayen kayansa wata hajiya ce mai gidan kaji. Ita ta fara yarda da shi lokacin da kowa ke cewa kiret ɗin gida ba ya ƙarko, kuma bakinta ne ya kawo masa sauran masu saye.

Wata bazara ta sa shi aiki mai yawa, za ta aika ƙwai wata kasuwa mai nisa. Sai aka ɗauke wuta kwana da kwanaki. Takarda na jiƙe har ta fara tsami, ranar lodi na matsowa, mutumin ko abinci ba ya iya ci. Da aka kawo wutar, ka san halinmu, jiki na rawa ya kunna inji yana ɗiba yana zubawa. Yana cikin haka idonsa ya faɗa kan wani ɗan kwali a ninke, yana ƙyalli, yana gangarawa bakin injin. Ya gane shi sarai. Kwalin gam ne irin wanda masu shago ke ɗana wa ɓera, ya kuɓuce wa tsinta. Hannunsa har ya kai kan makunni. Amma in ya kashe, sai ya zubar da abin da ke ciki, ya kwance inji ya wanke, ita kuwa wuta ba ta yi wa kowa alkawarin zama ba. Ya ce a ransa guda ɗaya ne cikin wannan tuli, kuma ai rariya na gaba. Ya janye hannunsa.

Ya manta cewa rariya babban abu take kamawa. Gam ɗin nan da yana dunƙule yatsa biyu sun isa su ɗauke shi, amma inji ya daddatsa shi ya koma kamar tsabar gero, ya bi ta idon rariya ya watsu cikin ƙullun gaba ɗaya. Kiret ya bushe, ya yi kyau abinsa, sai dai wasu 'yan ɗigo baƙaƙe nan da can. Ya danna ɗaya da babban yatsa, ya ji ya ɗan kama shi. Duk da haka ya ɗaure kaya ya kai, aka jera ƙwai, aka yi lodi, mota ta kama hanya cikin ranar nan mai narkar da kwalta. Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Waya na ƙara sai ya zaci hajiya ce. In ya ga gajimare sai ya yi ta addu'a ya rufe ranar, ko gam ɗin ya ƙi narkewa. Har ƙofar gidan kajin ya je da niyyar ya faɗa mata, ya tsaya yana jin kukan kaji, sai ya juyo yana ce wa kansa wataƙila ba abin da zai faru. Wallahi tsoron da ya ci a kwanakin nan ya fi wankin inji wahala nesa ba kusa ba.

Can a kasuwa aka sauke kaya, ƙwai lafiya lau, ko tsaga babu. Mai saye ya sa hannu ya ɗaga na farko, gindin ɓawon ya zauna a gurbi, gwaiduwa ta zubo masa a yatsu. Ya ɗaga na biyu, haka. Zafin mota ya narkar da ɗigon nan, kowanne ya riƙe ƙwan da ke kansa gam. Hajiya ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo. Ta ajiye kiret guda a gabansa, ɓawo manne a gurabe, ƙudaje na bi. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, asara ta Allah ce, ban zo faɗa ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka sani, ko ba ka sani ba?" Ya sunkuyar da kai yana kallon kiret ɗin. Ta dube shi, ta gyara mayafinta ta tafi, kuma bakin da ya kawo masa jama'a shi ya kwashe su.

Takardun da ya tsince da hannunsa sun fi a ƙirga, guda ɗaya tak ya gani ya ƙyale. Shi ya sa Hausawa suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.